Zanen Gawayi a Bangon Kango

Shekarar da muka baro Birnin Tsaba muka dawo Kaura Namoda, a kango muka sauka. Wani ɗan kasuwa ne ya fara ginin, ya rufe ɗaki biyu da kwano, ya shafe bangon falo da siminti, sai abin ya tsaya masa, ya ba mu aro don Allah. Mu uku ne: ni, da Inna, da Yayana. Baba ya riga ya rasu tun muna gida, ciwo ne ya ɗauke shi, kuma Inna takan ce Allah ya so shi da bai ga ranar da muka kwashe tukwane muka bar gero a gona ba.

Yaya ne ke ciyar da mu. Kabu-kabu yake yi da mashin, yana ɗaukar mutane da kaya tsakanin Kaura da Zurmi, hanyar da kowa ya san halinta. Kullum da safe Inna sai ta raka shi da addu'a har bakin ƙofa, ƙofar ma buhu ne muka rataya. Shi mutum ne marar magana, sai ka yi masa tambaya uku kafin ya amsa ɗaya. Ni ce mai bakin gidan, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Bakin nan nawa ne ya kai ni ajin lissafi mai zurfi. Ina aji biyar na sakandare, sabuwar zuwa, sai wani malami ɗan Shinkafi, siriri, mai tafiya kamar ana jiransa a wani wuri, ya shigo ya ce zai fara koyar da abin da ake kira kalkulas. Ya ce ba dole ba ne, kuma duk wanda ya san kansa ba zai ɗauka ba ya zauna lafiya. Wata yarinya da ke zaune a bayana ta ce, yadda zan ji, mutanen ƙauye su fara haddace biyu sau biyu tukuna. Kafin ta rufe baki hannuna yana sama. Wallahi ban san ko mene ne kalkulas ba, da an ce mini sunan magani ne da na yarda.

Waɗanda suka shiga ba mu cika benci biyu ba. Gwajin farko da aka yi mana, abin da na ci ba ya faɗuwa a gaban mutane. Na naɗe takardar na cusa cikin hijabi, na yi ta ciwon rai har gida. Ba faɗuwar ce ta fi ƙona mini rai ba, tunanin yarinyar nan za ta ji ne.

Malam bai yi mini faɗa ba. Da ya ji yayana ɗan kabu-kabu ne, sai ya ja layi mai lanƙwasa a allo ya ce, “In yayanki ya hau tudu, shina hawa, shina hawa, akwai wani ɗan wuri a ƙoli inda ba hawa yake ba, ba kuma gangara yake ba. Haka in ya sauka kwari, akwai gindin kwarin. Wurin nan muke nema. Lissafin ga duka, gaya maki yake yadda hanya ke tashi ko take faɗuwa a kowane taki.” Ya ce duk inda layi ya juya, a sa ɗan gicciye a wurin, a rubuta lambarsa a gefe. Ya kuma ce mu riƙa zanawa manya-manya, ba irin zanen tsoro a lungun takarda ba, don hannu ya saba kafin kai ya gane.

To, ina da bango. Falon kangon nan ba rufi, tagoginsa ramuka ne kawai masu kallon lungu, amma simintinsa sumul. Gawayi kuwa ga shi nan a murhun Inna. Kullum na dawo makaranta sai in ja dogon layi a kwance, in ja wani a tsaye, in sa masu kibiya a baki, sannan in kawo layin da ke hawa yana sauka. Duk inda ya juya in sa gicciyena, in rubuta lamba. Damina ta wuce, ba ruwan da zai wanke, ni kuma ƙyuya ta hana ni gogewa, sai dai in matsa gaba. A hankali bangon ya cika har inda hannuna ke kaiwa. Inna takan ce na mayar mata da gida kamar bayan tukunya.

A lokacin garin ba daɗi. An yanke layin waya, ba mai jin labarin kowa sai abin da matafiya suka zo da shi. Akwai kalmar da ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa, infoma, wato wanda ke zaune cikin mutane yana kai wa ’yan bindiga labari. An ce suna ko’ina. Mutum zai shiga shago a yi shiru, ya fita a ci gaba da magana. Mu da muka zo daga ƙauye ba wanda ya san kakanninmu a unguwar, kuma ana nuna mana hakan ba tare da an faɗa ba.

Yaya kuwa yana da wani abu da ya fara da zama abin dariya. Ya sha wucewa lafiya, a tare waɗanda ke bayansa. Abokan sana’arsa suka riƙa ce masa mai sa’a, suna ce masa ya ba su layar. Daga baya suka ci gaba da ce masa mai sa’a, amma ba dariya. Ni na lura, na san shi ma ya lura, ba wanda ya tayar da zancen a gida.

Sai aka tare wata mota a wata kwana kafin Zurmi, aka shiga daji da mutane. Cikinsu har da ƙanin mijin maƙwabciyarmu, wadda katangarsu ke jikin tamu. Yaya ya wuce wurin ba da daɗewa ba kafin abin ya faru, ya dawo gida da buhun albasa a bayansa. Bayan ’yan kwanaki matar ta shigo aron rariya ina makaranta. Inna ta ce matar ta daɗe a tsaye a falon tana kallon bango, sannan ta tambaya wa ya yi wannan. Inna ta ce aikin yara ne. Matar ta fita ba ta ɗauki rariyar ba.

Washegari na dawo bayan azahar na tarar lungunmu cike da maza. Tun daga nesa na ɗauka mutuwa aka yi. Da na kutsa sai na ga ’yan sa-kai da bindigoginsu na harba-ruga, ga mai unguwa a kan kujerar da aka ɗauko masa, ga liman a gefe. Yaya yana zaune a ƙasa a tsakiyar falo, ba takalmi, ba hula, an ɗaure masa hannu ta baya da robar da yake ɗaure kaya a mashin. Inna tana ƙofar ɗaki, ta toshe baki da gefen mayafi.

Shugaban ’yan sa-kan, wani gajere mai kauri, yana nuna bangona da sanda. “Ku duba da kyau,” in ji shi. “Wagga hanyar Zurmi ta. Ga kwana, ga kwana. Ga kibiya tana nuna inda anka dosa. Duk inda kunka ga gicciye, nan ake tare mutane. Lambobin ga kuwa, shi ya san mi suke nufi, ko motoci, ko lokaci.”

Abin da ya fi ba ni tsoro, da na kalli bangon da idonsa, sai ni ma na ga hanya. Wallahi na ga hanya. Har na ga kwanar da ake magana. Na san abin da ake yi wa wanda aka tabbatar infoma ne, kowa a wurin ya sani, ba a kai shi ofishin kowa, bayan gari ake yi da shi.

Na ce, “Nawa ne.”

Wani ya daka mini tsawa, “Ke, shiga ciki, maganar maza ake!” Na wuce shi na je gaban mai unguwa na durƙusa. Na ce, “Ranka shi daɗe, ni na zana. Lissahin makaranta ne. Yaya ko karanta shi bai iya ba.”

Shugaban ya yi wata dariya. Ya ce ai dole ƙanwa ta faɗi haka. Na ruga ɗaki na kawo littafina na aji, ya buɗe da yatsa ɗaya, ya ga irin zanen ƙanana, ya ce to sai me, wanda aka koya wa zane a makaranta ai shi ya fi iya zana hanya. Na ce a kira malaminmu. Aka ce yana ina? Ya tafi Shinkafi wajen iyalinsa, hanyar ta rufe bai dawo ba, waya kuma babu. Duk surutun da nake da shi, a ranar ya ƙare.

Liman ne ya yi gyaran murya. Ya ce akwai wani malamin foli, wato kwalejin fasaha, a ƙarshen layi, mai koyar da ’yan injiniya, haifaffen unguwar ne, kowa ya san ubansa. A kira shi ya ba yarinya wani lissafi daga kansa, wanda ba ta taɓa gani ba. In ta yi, kuma irin wannan zanen ya fito daga lambobin da shi ya bayar, to an ga gaskiya. In ta kasa, an ga gaskiya. Haka ya faɗa, ya maimaita, kuma ba wanda ya musa.

Da aka zo da malamin, na ga shi ma a tsorace yake. Bai kalle ni ba, bai kalli Yaya ba. A irin wannan taro, wanda ya cika tsaya wa wanda ake zargi, gobe shi ake kallo. Ya dubi bangon ya ce a hankali ya yi kama da lissafi. Shugaban ya ce ba kama aka kira shi ya faɗa ba. Sai malamin ya karɓi gawayi, ya sami wani ɗan fili kusa da taga, ya rubuta: harafin ekis mai uku a ka, a ɗebe ekis sau goma sha biyu. Ya ce, “Nemo inda yake juyawa, ki zana.” Ya koma baya ya harɗe hannu.

Ni da ban taɓa cin gwaji ba a ajin nan. Na tsaya gaban bango da hijabina na makaranta, gawayi a hannuna, maza cike da falo, wasu sun leƙo ta ramukan taga. Ba abin da nake ji sai numfashin Yaya a bayana.

Na yi bisimilla. Na sauko da ukun nan gaba, na rage ɗaya a ka, kamar yadda aka koya mana. Na ce a inda layi ke juyawa ba hawa ba gangara, wato sifili. Na raba, ya rage mini lambar da in ta ninka kanta za ta ba da huɗu. Na rubuta biyu. Na nemo zurfinsa, na sa gicciye ƙasa da layi, a dama. Sai na tsaya. Kwana ɗaya na samu, alhali na san irin wannan lissafin kwana biyu yake yi, na zana ire-irensa a bangon nan ba adadi. Ina ɗayar? Kaina ya ɗauki zafi. Na ji wani a taga ya ce, “Ta cije.” Na ji shugaban ya gyara tsayuwa, bindigarsa ta bugi bango.

Ban san daɗewar da na yi a tsaye ba. Na dai san na daina tunanin dokar da na haddace, na koma kallon layin kansa. In yana saukowa cikin kwari, to daga wani tudu ya fito, kuma tudun yana hagu, can ɓangaren lambobin da ke ƙasa da sifili. Sai abin ya faɗo mini. Biyu ta ƙasa da sifili ma, in ta ninka kanta, huɗu take bayarwa! Na rubuta ta da ƙarfi har gawayin ya karye, na ɗauki guntun, na sa gicciye na biyu a sama, a hagu. Sannan na ja layi daga ƙasa, ya hau tudu, ya juya, ya gangara ta tsakiya, ya shiga kwari, ya juya, ya tashi. Ya fito sak irin ’yan’uwansa da ke bangon.

Malamin folin ya ce, “Daidai ne.” Ya ƙara da cewa, da ɗan ƙarfi wannan karon, lambobin nasa ne, daga kansa ya fitar, kuma shi bai taɓa bin hanyar Zurmi da ƙafarsa ba.

Na ɗauka shi ke nan. Ƙuruciya! Shugaban ’yan sa-kan ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, “To, yarinya ta iya zane. Amma wanga bai gaya mani abin da ya sa ba a taɓa tare shi ba.” Mai unguwa ya ce a kwance shi, amma daga yau ya bar hanyar Zurmi. Aka kwance. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce a yi haƙuri. Ta bayan katanga muna jin maƙwabciyar tana kuka. Na tsane ta a ranar, tsana mai tsanani, amma nasu mutumin yana daji, namu yana zaune yana murza wuyan hannunsa.

Yaya ya koma ɗaukar fasinja a cikin gari, daga kasuwar hatsi zuwa tasha. Sai dai ba mai hawa. Mutum zai tsaya a rana ya jira wani mashin, ga nasa a gabansa. Ya ce ko a masallaci, in ya shiga sahu, sai ya ji an bar ɗan fili a gefensa. Bai yi wata biyu a haka ba ya ce zai tafi Kudu, wajen wani ɗan garinmu da ke dako a kasuwa. Inna ba ta hana shi ba, kuma a nan na gane ita ma ta fi son ya yi nisa.

Ranar tafiyarsa shi ya kai ni makaranta, daga can zai miƙa mashin ɗin ga wanda ya saya. A bakin get ya kashe inji, abin da bai saba yi ba. Ya ce, “Ki ci lissahin nan, ki cinye shi tas. In kinka faɗi, za su ce dama shiri ne kunka yi da malamin. In kinka ci, a kai ma mai unguwa ya gani, sai in dawo.” Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba.

Daga ranar ba don yarinyar bencin baya nake karatu ba, don Yaya nake yi. Da malaminmu ya samu ya dawo daga Shinkafi ya ji labari, ya zauna a kan tebur ya riƙe kai. Ya hana kowa zane a bango ko a ƙasa, ya tattaro tsofaffin takardun jarrabawa ya ce mu yi a bayansu. Yakan tsaya da ni bayan an tashi, in hanya ta bar shi ya zo. In ba ta bar shi ba, in zauna ni kaɗai in yi ta fama, in yi kuka, in share, in sake. Bangon kuwa ni da Inna muka wanke shi da toka da soso, amma baƙin bai fita duka ba.

Unguwa ba ta manta da ni ba. In na wuce da jaka, sai wani daga cikin masu zama a dakali ya ce, “’Yan makaranta, ya lissahi?” Ba gaisuwa ba ce, na sani, su ma sun san na sani. Da can da na mayar masu da wadda ta fi ta. Yanzu sai in ce lahiya lau, in sunkuyar da kai, ina tafasa a ciki. A wannan shekarar an sake ɗaukar wasu a unguwar bisa irin wannan zargi, ɗaya mai sayar da shayi ne, kuma bai dawo ba.

Muka gama gangara da tudu, muka shiga neman faɗin filin da ke ƙarƙashin layi. Abin mamaki, na zo ina jin daɗinsa, ina jin kunyar jin daɗin. Kafin mu shiga aji shida ni ce ta ɗaya a ’yan benci biyun nan. Ranar jarrabawar fita, da na buɗe takarda na ga an ce a nemo inda layi ke juyawa, sai da na ajiye biro na goge tafin hannuna a hijabi. Bayan haka ban tsaya ba har na kai ƙarshe.

Sakamako ya fito, na sami maki mafi girma da ake bayarwa. Ko gida ban biya ba, na wuce ƙofar gidan mai unguwa da takardar. Na same shi a zaure bayan la’asar, na durƙusa na miƙa. Ya sa tabarau, ya duba, ya ce masha Allahu, ya sa mini albarka, kuma na ga har ransa ya yi murna. Na ce, “Ranka shi daɗe, to Yaya fa? Cewa ya yi in na ci a nuna maka, sai ya dawo.”

Ya cire tabarau ya naɗe. Ya leƙa ƙofar zauren ya ga ba kowa. Sannan ya ce, “Ɗiyata, zanen nan ba wanda ke zancensa yanzu. Yayanki ne ba su manta ba. In kuna son shi da rai, ku bar shi can.”

A lokacin an daɗe da maido da layin waya. Na isa gida na tarar Inna ta riga ta ji labarin sakamakon a bakin wata ’yar ajinmu, ta kira Yaya, tana jira in shigo in faɗa masa da bakina. Na karɓi wayar. Bayansa hayaniyar kasuwa ce, ana ta ihu da yaren da ban sani ba. Na ce, “Yaya, na ci.” Ya yi kabbara har muryarsa ta fashe, ya ce ya sani, wallahi ya sani. Ya ce akwai motar goro da ke tasowa jibi, direban ɗan Kaura ne, ya riga ya yi masa magana tun da daɗewa ya taho da shi gida. Ya ce, “Kin kai ma mai unguwa? Mi ya ce?”

Na miƙa wa Inna wayar.